Shekara ɗaya da wani abu da sola a gidana: aikin ya yi, amma na daina zuwa taron transifoma

Mutane sun ishe ni da tambaya a kan yaran da suka haɗa min sola, wai ya aikinsu yake, nawa na kashe, kuma da gaske ne na rabu da janareta ko kuri nake yi. To yau dai na samu zama, bari in faɗi abin da na gani da idona, mai daɗi da mara daɗi. Sunan kamfanin kam ba zan kama ba, don akwai inda zan caccake su kuma bana son a ce na zo kashe wa wani kasuwa, matasa ne masu neman na kansu a nan Kano, ɗan shago ne da su da mota ɗaya mai ɗaukar kaya.

Abin da ya tunzura ni shi ne duhun nan na watan Oktoban 2024, wanda duk ɗan Arewa ba zai manta ba. An lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin da ke biyowa ta Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala, shikenan yawancin jihohinmu suka shiga duhu sama da mako guda. Ga fetur a lokacin ya haura naira dubu lita ɗaya, mu da kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 muke saye ƙasa da ɗari biyu. Ɗan janaretana sai ya sha lita huɗu ko biyar tsakanin magariba da ƙarfe ɗayan dare, ka lissafa ka gani. Uwargida kuma sana'arta ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, firiza ita ce jarinta, ranar da na dawo na tarar tana zubar da kunun aya jarka biyu a kwata saboda ya yi tsami, bata ce min komai ba, kallo ɗaya ta yi min, wallahi a daren na fara neman lambar masu sola.

Zuwansu na farko ya burge ni, wannan sai na yaba. Ba irin masu tsayawa a ƙofar gida su ce maka "Alhaji kawo miliyan kaza" ba ne. Ogan nasu ya shiga ɗaki ɗaki da takarda da biro, fanka nawa, ƙwai nawa, firiza wat nawa take ja, ya hau ya duba kwanon rufi ya ga inda rana take faɗawa, har sumon da muke tura ruwa tanki da shi sai da ya karanta rubutun jikinsa. Ya rubuta min farashi a takarda da sa hannu. Sai dai fa takardar kwana uku ta yi ta mutu, da na koma da kuɗina a hannu sai ya ce Alhaji ka yi haƙuri dala ta motsa, an ƙara dubu ɗari da wani abu a kan batir. Na ji haushi amma ban ga laifinsa sosai ba, dalar da take ɗari huɗu da sittin a farashin gwamnati farkon 2023 ta wuce dubu ɗaya da ɗari biyar a 2024, kuma duk abin da ke cikin shagonsa daga faifan sola har ƙusa babu wanda aka ƙera a Sharaɗa ko Bompai.

Abin da aka saka min: faifai shida masu wat 550 kowanne, inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida) mai ƙarfin kVA 5, da batirin litiyam guda ɗaya mai ɗaukar yunit 5 na wuta. Da kuɗin aiki da waya da ƙarafan ɗaurawa ya tasam ma miliyan uku da rabi. Ba wai ina da su a ajiye ba ne, babur na sayar, uwargida ta kawo kwasar adashenta, na ci bashin ragowar a wajen yayana. Shi ya sa in na ji wani yana cewa ai rana kyauta ce sai in yi dariya kawai. Rana kyauta ce, kwanon tarbarta ne ba kyauta ba.

Ranar haɗawa kuma nan aka fara samun tangarɗa. Yaran suna da sauri, kafin la'asar sun gama, amma wayoyin da suka ja daga rufi zuwa sito kamar an zubar da taliya, sai da na sa suka dawo suka saka su cikin bututu. Ƙarfen da ake kafawa a ƙasa saboda tsawa ma ba su saka ba, wani abokina injiniya ne da ya zo ganin aikin ya tambaye ni ina yake, na kira su, sai ogan ya ce ai bai shiga lissafi ba. To me ya sa baka faɗa min tun farko ba? Na biya daban. Sannan wajen taka kwano sun bar min huji biyu, ban sani ba sai ruwan farko na damina da ya sauka daidai kan katifar yara.

Maganar aikin sola ɗin kansa, da rana babu magana. Daga ƙarfe tara na safe zuwa huɗu na yamma wuta har ta yi yawa, firiza na ta daskarewa, sumo na tura ruwa, fanka ko ina, batir na cika, kuma shiru, babu ƙarar inji babu hayaƙi. Kwana na farko sai da na kasa barci saboda shirun, kunne ya saba da burrr ɗin janareta. Dare ne matsalar. Sun ce min batirin nan zai kai ni asuba har da esi, wannan ƙarya ce tsagwaronta. Esi mai doki ɗaya kaɗai in ka bar shi zai shanye batir ɗin cikin awa biyar ko ƙasa, balle ka haɗa da firiza da fankoki huɗu. Abin da yake iya yi shi ne fanka da ƙwayaye da talabijin da firiza in an kashe ta tsakar dare, a haka muna kaiwa safe da saura kashi ashirin ko talatin. Da sun faɗa min gaskiya da na san yadda zan yi, ko in jira in sayi batir biyu.

Wani abu da ban taɓa tunani ba, sola sai da ta sake wa gidan nan tsarin lokaci gaba ɗaya. Guga yanzu sai tsakanin sha ɗaya da uku na rana, tura ruwa haka, markaɗe haka. Wanda ya kunna dutsen guga bayan magariba inbata za ta yi ƙara ta tona masa asiri. Autarmu ƴar shekara shida bata iya karanta agogo ba amma ta iya karanta kashi nawa ya rage a batir, sai ka ji ta leƙo tana "Baba saura arba'in a kashe tibi". Lokacin hunturu kuma ga ƙura, kwana huɗu in baka wanke faifan ba za ka ga cajin ya ja baya sosai, ni da babban yarona muke hawa da bokiti da tsumma da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Watan Agusta in hadari ya rufe kwana biyu a jere sai mun koma lallaɓawa. Janaretan dai ban sayar ba, yana nan a lulluɓe, a shekarar nan, in ban da kwanakin da inbata ta lalace, baifi sau shida na tashe shi ba.

Inda suka fi bani haushi shi ne bayan sun karɓi kuɗi. Wata na bakwai inbata ta fara nuna wata lamba tana ɗaukewa, na kira ranar Litinin aka ce gobe, gobe ta zama jibi, sai ranar Alhamis yaro ya zo ya buɗe ya ce wani allo ne a ciki ya ƙone, babu shi a Kano sai an aiko daga Legas, na Legas ɗin ma suna jiran kaya daga Chaina. Kwana tara muna kan janareta. Gaskiya sun cika alkawarin garanti, ko sisi ban biya ba, amma a kwana taran nan ne na gane cewa ni da nake ta cika baki wai na samu ƴanci, ubangida kawai na canja. Da ina jiran masu kawo wuta da gidan mai, yanzu ina jiran kwantena. Sama da kashi 80 cikin ɗari na harkar ƙera faifan sola a duniya a hannun Chaina yake, batirin litiyam ma su ne kan gaba. Abin dariya kuma, dutsen litiyam ɗin akwai shi a ƙasarmu, a jihar Nasarawa har an buɗe masana'antar tace shi a 2024 kuma ƴan Chaina ne suka gina, wato a haƙa a nan a tafi da shi a dawo mana da shi cikin akwati mu saya da dala. Shi ya sa da aka fara maganar gwamnati za ta hana shigo da faifan sola a farkon 2025 gabana ya faɗi, ka hana shigowa alhali baka ƙera wanda zai ishi mutane ba, ai mun ga yadda aka yi da shinkafa.

Amma duk wannan ba shi ne ya sa na zauna rubutun nan ba. Abin da sola ta yi tsakanina da maƙwabta shi ne yake cina.

Da farko abin daɗi ne. Gidana ya zama wajen caji, da safe yara na sallama da wayoyi a leda, na baba na mama na yaya, har sai da na sayo doguwar soket mai baki goma na ajiye a soro. Da azumi kuwa layin masu sayen ƙanƙara har waje, uwargida ta mayar da kuɗin adashenta kafin sallah. Sai kuma aka zo kan darbejiyar Baba maƙwabcinmu. Bishiyar tana yamma da gidana, daga ƙarfe uku inuwarta take rufe faifai biyu, kuma yadda aka jera su a layi ɗaya in inuwa ta taɓa guda sai ta ja sauran ƙasa. Masu sola suka ce abu mai sauƙi, a sare reshen. Na je na durƙusa na gaida Baba na yi masa bayani, ya saurare ni har na gama sannan ya ce, "Ɗana, bishiyar nan mahaifina ya dasa ta, a ƙarƙashinta ake zaman majalisa tun kana tsumman goyo. Kai ka samu fanka, mu ita ce fankarmu." Ban iya cewa komai ba, na ce Allah ya huci zuciyarka Baba, na tashi. Ƙarshe kuɗi na sake biya aka matsar da faifan biyu gabas. Ina ta tunani a raina, yau a kan reshe ne, gobe in wani ya tada bene hawa biyu kusa da kai ya tare maka rana wa zaka kai wa ƙara, mai unguwa ko kotu, kuma da wace hujja? Mun san rigimar iyakar gona da ta kwata, rigimar rana kam sabuwa ce.

Sai maganar transifoma. A layinmu shekaru da yawa in ta ƙone ni ne mai rubuta takarda, ni da wasu mutum uku muke zarya ofis, mu kira wanda muka sani, mu bi gida gida karɓar kuɗin gyara, har rediyo mun taɓa zuwa. Bazarar da ta wuce ta sake ƙonewa. Wallahi tallahi sai da aka kwana uku ban sani ba, don ni fankata na juyawa. Da mai unguwa ya aiko a zo taro na bada dubu biyar na ce a ba shi haƙuri ina da uzuri, kuma babu wani uzuri, kawai abin bai dame ni ba ne. Daga baya na gane sauran ukun ma babu wanda ya je, duk sun saka sola. Gida biyar ne muke da ita a layi mai gida kusan arba'in, kuma mu biyar ɗin nan mu ne masu ɗan albashi da sanin mutane. Layin ya yi sati biyar a duhu. Ran nan na tsaya wajen telan bakin layi karɓar ɗinki, na tarar ya koma keken ƙafa, injin sufilarsa a rufe da zani, sai ya ce min cikin raha, "Alhaji ai ku kun haye, ku da kuka san bakin manya kun bar mu da Allah." Ya yi dariya na yi dariya, amma maganar ta bi ni har gida.

Kuma in ka duba abin da na yi a layinmu shi ake yi a sama. A kasafin 2025 an ware naira biliyan 10 don saka sola a fadar shugaban ƙasa. Ni ban ce sola a Villa laifi ba ne, kuɗin wuta ya yi tsada, tun Afrilun 2024 da aka kai ƴan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit kowa yake neman mafita. Jami'ar Bayero ma tun 2019 take da tashar solarta mai megawat 7, kasuwar Sabon Gari ma an saka wa shaguna. Amma tambayata ita ce, ranar da shugaban ƙasa da gwamna da ɗan majalisa da babban ɗan kasuwa da ni ɗan ƙaramin ma'aikaci duk muka fita daga layin, in babban layin ƙasa ya faɗi wa zai ji a jikinsa har ya buga tebur? Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana ta fama da megawat dubu huɗu zuwa biyar shekara da shekaru, da can ko banza kowa na shan zafin tare, ko da mai kuɗi na da janareta yana jin kuɗin dizal. Yanzu mai hali zai biya sau ɗaya ya manta.

Pakistan ta riga mu shiga wannan. A 2024 kaɗai sun shigo da faifan sola na kusan megawat dubu 17 daga Chaina, ba gwamnati ba fa, mutane ne da masu masana'antu da manoma kowa ya ɗora a rufinsa saboda tsadar wuta. Sai masu biyan bil mai kauri suka rage saye, ga bashin tashoshin wuta da kuɗin kula da layuka yana nan dole a biya, sai nauyin ya koma kan wanda bashi da kuɗin faifai, nasa bil ɗin ya ƙaru, shi ma in ya samu hali ya gudu. Ina karanta labarin ina ganin fuskar telan layinmu.

Na yi wannan maganar da ɗan kawuna da ke Maraɗi sai ya ce ni dai ina da neman abin damuwa. Shi a wajensa sola ba ta da wani aibu. Ya tuna min bayan juyin mulkin Yulin 2023, da ECOWAS ta saka wa Nijar takunkumi, Najeriya ta yanke mata wuta, ƙasar da kusan kashi 70 na wutarta daga nan take zuwa, suka kwashe watanni a haka sai a 2024 aka mayar. Ya ce min, "Yaya, mu mun ga yadda ake kashe wa ƙasa guda fitila daga wani ofis a Abuja. Rana kuwa babu wanda ya isa ya saka mata takunkumi." Tashar Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai a wannan tsukin ta fara aiki kuma ta rage musu zafi. Gaskiyarsa ne, ban musa ba. Na dai ce masa ranar ba a saka mata takunkumi amma kwantena ana tare ta a boda, kuma ya fi ni sanin yadda aka rufe iyakar Nijar da Benin. Muka bar ta a haka kowa da tasa.

Akwai waɗanda abin ya taɓa da ba a lissafa su. Mai gyaran janaretan da nake kai wa duk wata biyu, rabona da shi tun bara, ran nan na gan shi ya ce min ya tura yaronsa koyon haɗa sola, wayayye kenan. Ɗan bumburutun bakin titi ma ya rasa kwastoma ɗaya. Sannan tsofaffin batura, masu amfani da na ruwa mai dalma duk shekara biyu ko uku sai sun canja, ƴan gwangwan su saya su fasa a fili yara na wasa a gefe, mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 bai kamata mu yi wasa da wannan ba. Na tambayi masu kamfanin in nawa ya mutu ina zan kai shi, ogan ya sosa ƙeya ya ce kafin nan dai Allah ya kai mu.

To wanda ya tambaye ni ko ya kira su, zan ce ya kira, a cikin goma na basu shida da rabi. Kayansu na gaske ne ba jabu ba, lissafin lodinsu daidai ne, garanti sun cika. Amma ka sa a rubuta komai a takarda har ƙarfen tsawa da bututun waya, ka hau rufin da kanka ka duba kafin su tafi, ka tambaye su kayan gyara a ina suke kafin ka biya, kuma duk abin da suka ce batir zai yi da dare ka raba shi biyu. In kana da ƙarfi ka fara da batir biyu kar ka yi irin tawa.

Ni yanzu tara kuɗin batir na biyun nake, in dala ta bari. Na kuma tambaye su nawa za a kashe a ja waya ɗaya daga gidana zuwa shagon tela, tunda daga sha ɗaya zuwa uku wutar zubewa take a banza bayan batir ya cika, sun ce za su zo su auna, sati biyu kenan ina jiransu. Asabar ɗin nan kuma akwai taro ƙofar gidan mai unguwa kan wayoyin layi da aka sace, uwargida ta riga ta ce in na sake cewa ina da uzuri ita da kanta zata aika a faɗa musu ina kwance a ƙarƙashin fanka.